Kafin a danna "Imprimer": yadda ake daidaita shafin intanet don takarda ta fito daidai, kuɗi kuma su yi saura

Yau filinmu na fasahar zamani zai duba wani abu da ake gani ƙarami, amma yana cinye wa mutane kuɗi da lokaci, wato buga takarda daga intanet.

A wannan zamani takardu da yawa ta intanet suke zuwa. Takardar rijistar ɗalibi a jami'a, sakamakon jarrabawa, takardar shiga gasar neman aiki, tikitin jirgi, bizar Umra, rasidin biyan kuɗi, duk a waya ko a kwamfuta ake fara ganinsu. Amma idan aka je ofis, sau da yawa takarda ake so a riƙe a hannu. Shi ya sa mutum kan taso daga ƙauyen Dakoro, ko Magarya, ko Madawa, ya biya kuɗin mota ko na kabu-kabu, ya shigo gari neman sibar ko shagon fotokofi. A buga masa, ya biya, ya koma gida. Sai ranar da ya kai takardar a ce masa gefenta ya yanke, ko lambar da ake nema ba ta fito ba. Wani kuma shafi biyu yake buƙata, a miƙo masa goma sha biyu, kuma dole ya biya tunda sun riga sun fito.

Galibin wannan asara ba laifin na'urar bugawa ba ne, wadda muke ce wa imfirimanti. Akwai wani ɗan akwati da ke buɗewa a allon kwamfuta kafin a buga, mutane su tsallake shi da sauri ba su duba ba. A cikinsa gyaran yake.

Me ya sa abin da ke allo ba ya fitowa haka a takarda?

Shafin intanet ba don takarda aka tsara shi ba. Ba shi da iyaka ta ƙasa, kana ja yana ta tafiya. Faɗinsa ma yana sakewa gwargwadon na'urar da aka buɗe shi: a waya ya tsuke, a kwamfuta ya baje. Ita kuwa takarda tana da gefe huɗu da ba su motsi. Manhajar da ke buɗe shafukan intanet, kamar Chrome, Firefox ko Edge, ita ce ke yanka wannan dogon shafi gunduwa-gunduwa ta jera a kan fallayen takarda. Idan ba a gaya mata yadda ake so ba, sai ta yanka yadda ta ga dama, ta haɗa da tallace-tallace, da hotunan gefe, da jerin sunayen da ke can ƙasan shafi waɗanda ba ruwanka da su.

Akwai kuma abu na biyu da ya shafi sibar musamman. Chrome yana riƙe yawancin saitin da aka yi amfani da shi na ƙarshe. Idan wanda ya riga ka zama ya zaɓi bugu mai launi, ko ya kwantar da takarda, ko ya rage girman rubutu, kai ma haka taka za ta fito idan ba a sake ba. Don haka ko da mai shago gwani ne, dubawa wajibi ce kowane lokaci.

Buɗe akwatin bugawa

A kwamfuta, a danne maɓallin Ctrl sannan a taɓa harafin P. Mai kwamfutar Apple zai danne Cmd da P. Ko kuma a je ɗigo ukun nan da ke sama ta hannun dama a Chrome, a zaɓi "Imprimer". Da yake yawancin kwamfutocin ƙasarmu da Faransanci suke, za mu riƙa kawo kalmomin yadda suke a allo. Ƴan uwa na Kano, Legas ko Kumasi za su tarar da su da Ingilishi, amma jerin da wuraren duk ɗaya ne.

Akwatin yana da ɓangare biyu. Ɗaya yana nuna hoton takardar yadda za ta fito, ɗayan kuma wurin gyare-gyare ne. A sama ana rubuta yawan fallayen da za a ci. Wannan lamba ita ce abin dubawa na farko, domin ita ce kuɗinka. Daga nan sai a bi hoton daga shafin farko har na ƙarshe, a ga ko suna ya fito cikakke, ko lambobi sun fito, ko gefen dama bai yanke ba. Abin da bai fito a wannan hoto ba, ba zai fito a takarda ba.

Dabaru biyu kafin ma a kai nan. Na ɗaya, idan shafin da kansa yana da maɓallin "Télécharger" ko "Imprimer", a yi amfani da shi, saboda masu shafin sun riga sun tsara takardar yadda ofis ke son ta. Na biyu, idan dogon shafi ne mai hotuna, a fara ja har ƙarshensa tukuna. Wasu shafuka ba su ɗauko hoto sai an iso wurinsa, musamman in rezo ba ƙarfi, sai a buga a tarar da fili fari a inda hoto ya kamata ya zauna.

Zaɓen shafukan da ake buƙata

A wurin da aka rubuta "Pages", an saba barin shi a kan "Toutes", wato duka. A sake shi zuwa "Personnalisé", sai a rubuta lambobin da ake so. Idan aka rubuta 1-3, za a samu shafi na ɗaya zuwa na uku. Idan aka rubuta 1, 4, za a samu na ɗaya da na huɗu kaɗai. Ana iya haɗawa, kamar 1-2, 5.

Bari mu yi lissafi. Kuɗin bugu ya bambanta daga gari zuwa gari, amma a ce shafi dala goma ne, wato sefa 50. Shafi 12 ya kama sefa 600. In shafi biyu kawai kake buƙata, sefa 100 ne. Ka ga dala ɗari ta tafi a banza, kuɗin da zai yi cefanen miya. Ɗalibin da ke buga darussa duk mako a Maraɗi, Damagaram, Tawa ko Yamai, ya lissafa abin da hakan zai zama a shekara.

Idan kuma sakin layi ɗaya ko tebur ɗaya ake so daga cikin dogon shafi, akwai hanya mafi sauƙi. A shafa wurin da linzamin kwamfuta har ya sake launi, sannan a danna Ctrl da P, a sauka ƙasa a sa alama a kan "Sélection uniquement". Wannan zaɓi ba ya bayyana sai an riga an shafa wani abu. A Firefox akwai wani tsari da ake kira "Simplifié", wanda ke share tallace-tallace da tarkacen gefe ya bar rubutu zalla. Yana da kyau ga labari, darasi ko bayanin noma, amma kada a yi amfani da shi ga takardar hukuma, domin yana iya share tambari da tebur.

A kuma leƙa "Copies", wato kwafi nawa. In an ce kwafi uku na takarda mai shafi huɗu, falle 12 ke nan. Shawara a nan ita ce a fara fitar da kwafi ɗaya, a duba shi da kyau, sannan a buga sauran.

Girman takarda: A4 da Letter

Wannan ɓangare ya fi shafar masu ƴan uwa a Amurka da Kanada. A danna "Plus de paramètres" sauran gyare-gyaren za su bayyana, cikinsu har da girman takarda.

Takardar da muke amfani da ita a Nijar, da Najeriya, da Faransa, da mafi yawan ƙasashen duniya, sunanta A4. Faɗinta milimita 210, tsawonta 297. Asalin wannan awo daga Jamus ne a 1922, daga baya ya zama ma'aunin ƙasa da ƙasa a 1975. Amurka da Kanada kuwa tasu daban ce, sunanta Letter: faɗi kusan milimita 216, tsawo kusan 279. Wato ta fi tamu faɗi da milimita 6, tamu kuma ta fi ta tsawo da kusan milimita 18.

Bambancin kamar ba yawa, amma yana ɓata aiki. Kwamfutocin hannu da aka shigo da su daga Amurka, ko waɗanda aka saka musu tsarin can, sau da yawa a kan Letter suke, alhali takardar da ke cikin imfirimanti A4 ce. Sai rubutu ya karkata, gefe ya yanke, ko layin ƙarshe ya tsallaka shafi na gaba shi kaɗai, ka biya falle guda saboda layi ɗaya. Wasu na'urorin ma tsayawa suke yi cak, fitila na ƙyaftawa, suna jiran takardar da babu ita a shagon. Maganin shi ne a tabbatar an zaɓi A4.

Ɗan uwan da ke Amurka, in zai turo takarda gida don a buga, ya zaɓi A4 tun daga can lokacin da yake adana ta. In kuma hukuma ce ta ba da ita a kan awon Letter, to kada a taɓa ta. Sai wanda zai buga a nan ya zaɓi "Ajuster", wanda ke ɗan rage ta kaɗan ta shige cikin A4 ba tare da an rasa komai ba.

A tsaye ko a kwance

Wurin "Mise en page" zaɓi biyu ne. "Portrait" shi ne takarda a tsaye, kamar wasiƙa. "Paysage" shi ne a kwance. Wasiƙa, rasidi da fom a tsaye suka fi dacewa. Amma tebur mai ginshiƙai da yawa, irin jerin sunayen waɗanda suka ci jarrabawa, ko jadawalin maki, ko lissafin ƙungiyar manoma, in aka buga shi a tsaye ginshiƙan dama kan ɓace. Kuma galibi a can dama ne ake samun abin da ya fi muhimmanci, jimillar maki ko sakamako. In an ga haka a hoton, a kwantar da takardar.

Girman rubutu da gefen takarda

"Échelle" shi ne ma'aunin girma, kuma 100 ne asalinsa. Idan takarda ta cika shafi ɗaya ta zubo da layi biyu ko uku a na biyu, a rage zuwa 95 ko 90, sai ka ga duka sun koma falle ɗaya. Haka in gefen dama ya ɗan yanke. Amma kada a zarce. In aka sauka ƙasa da 70, rubutu kan yi ƙanƙanta har ya wahalar da ido. In kuwa takardar ta dattijo ce, kamar bayanin yadda zai sha magani, gara a ƙara zuwa 120, ko da za a ci falle ɗaya a kai.

A nan akwai gargaɗi. Takardu da yawa yanzu suna ɗauke da zanen layi-layi baƙaƙe, ko tambarin nan mai kusurwa huɗu mai ɗigo-ɗigo da ake kira QR. Tikitin jirgi, biza, takardar shiga ɗakin jarrabawa, duk akan same shi a kai. Na'ura ce ke karanta shi, ba mutum ba. In aka matse shi ƙwarai, ko gefensa ya yanke, ko tawada ta yi ƙasa ya fito dishi-dishi, na'urar tana iya ƙin karantawa, kai kuma kana tsaye a layi ranar tafiya. Irin wannan takarda a bar ta a 100 ko kusa da haka. Bayan an buga, in QR ne, a haska shi da kyamarar waya tun ana cikin shagon, a ga ko wayar ta gane shi.

"Marges" kuwa shi ne farin filin da ake bari a gefuna huɗu. Akwai "Par défaut", akwai "Minimum", akwai "Aucune" wato babu gefe sam. Mutane kan zaɓi "Aucune" don su samu wuri, amma yawancin imfirimanti ba su iya sa tawada har bakin takarda, akwai ƴan milimitoci da ba su kaiwa. Sai harafin farko na kowane layi ya ɓace. "Minimum" ya fi aminci. Wanda kuma zai ɗinke takardunsa ko ya huda su don sawa a cikin dosiye, ya bar gefen hagu da faɗi, kada ƙusa ko huda ta ci rubutu.

Launin baya da rubutun kai da ƙafa

Can ƙasa akwai ƙananan akwatuna biyu da ake sa wa alama. Na ɗaya shi ne "Graphiques d'arrière-plan", wato launuka da zanen da ke bayan rubutu. Manhajar takan bar shi a kashe don tattalin tawada, kuma ga labari ko darasi hakan ya yi daidai. Amma wasu rasidai da takardun rijista tambarinsu da launin kan teburinsu a baya aka sa su. In an buga haka, takarda ta fito tsirara, ba ta yi kama da wadda ke allo ba, jami'in da aka kai wa ya fara shakka. Don haka a kwatanta hoton bugun da ainihin shafin. In an ga wani tambari ko layi ya ɓace, a sa alamar, za a ga ya dawo.

Na biyu shi ne "En-têtes et pieds de page". In yana kunne, manhajar za ta rubuta kwanan wata da sunan shafi a sama, adireshin intanet da lambar shafi a ƙasa, da ƙananan haruffa. Yana da amfani idan ana son shaida, misali an buga sanarwar hukuma ko farashin kaya, ana so a san daga ina ta fito kuma a wace rana. Yana kuma taimakawa in fallaye sun yi yawa sun cakuɗe. Amma ga fom ko wasiƙar neman aiki, a cire shi, takarda ta fi tsabta.

Launi, gaba da baya, da shafi biyu a falle ɗaya

Bugu mai launi ya fi baƙi da fari tsada, wani lokaci ninki da yawa. A wurin "Couleur" a zaɓi "Noir et blanc", sai fa in an ce lalle mai launi ake so, ko takardar na ɗauke da hoton fuska da ake buƙatar a gane sosai. Wanda zai kai takarda ofis ya tambaya tun farko wanne suke karɓa. Matambayi ba ya ɓata.

Ga ɗalibai da malamai masu buga darussa, akwai "Pages par feuille". Ana iya sa shafi 2, 4, 6, 9 har 16 a fuska ɗaya. Biyu shi ne mafi dacewa. Dalili kuwa, takardar A4 in aka naɗe ta biyu, kowane rabi yana da siffa iri ɗaya da cikakkiyar, don haka shafi biyu na zama daram ba tare da ɓarnar wuri ba, rubutu kuma ya koma kusan kashi 71 cikin 100 na girmansa, ana iya karantawa. Huɗu kuwa rabin girma ne, sai mai ido. In imfirimantin na iya buga gaba da baya, za a ga "Recto verso". In aka haɗa dabarun biyu, darasi mai shafi 40 zai koma falle 10. Sai dai a yi ciniki tukuna, domin wasu shaguna fuska suke ƙirgawa, ba falle ba. Takardar hukuma kuwa a bar kowane shafi da fallensa.

A san kuma imfirimanti iri biyu ne. Akwai mai tawadar ruwa, akwai mai garin tawada da zafi ke liƙawa, wadda ake ce wa laza. Bugun tawadar ruwa yakan zube in ruwan sama ko gumi ya taɓa shi, na laza kuwa ya fi juriya. Takardar da za a yi doguwar tafiya da ita, musamman da damina, a nemi laza, a sa ta cikin leda.

Adanawa a PDF, da bugawa daga waya

A saman akwatin akwai "Destination", inda sunan imfirimanti yake. In aka danna, za a ga "Enregistrer au format PDF". Wannan ba ya fitar da takarda, yana adana shafin ne a cikin na'ura yadda aka daidaita shi. Kamfanin Adobe ne ya fito da tsarin PDF a 1993, kuma amfaninsa shi ne duk inda aka buɗe shi ba ya sakewa.

Muna ba da shawara a riƙa yin haka kafin a buga duk wata takarda mai muhimmanci. Wasu shafukan rijista sau ɗaya suke nuna lambar shaida, in an rufe ko wuta ta ɗauke, sake samunta aiki ne. In PDF na hannu, ko takarda ta ɓace ko ta jiƙe, sai a sake bugawa a kowane shago, ba sai da intanet ba. Akwai kuma amfani na musamman ga rubutun Hausa. Haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, wasu tsofaffin kwamfutoci kan mai da su ƙananan akwatuna. In aka yi PDF a na'urar da ke nuna su daidai, yakan tafi da siffar haruffan a cikinsa. Haka ma rubutun Larabci da ajami.

A wayar Android, a buɗe shafin a Chrome, a taɓa ɗigo uku, a zaɓi "Partager", sannan "Imprimer". A sama a zaɓi adanawa a PDF, a duba girman takarda ya zama A4, a cire alama daga shafukan da ba a so. A iPhone ma ta alamar rabawa ake bi a samu "Imprimer".

Ƴan uwa na Abijan, Kwatano, Aljeriya, Libiya, Turai da sauran wurare, ga roƙonmu gare ku. Ku daina ɗaukar hoton fuskar waya kuna turowa a matsayin takarda. Irin wannan hoto siriri ne dogo, in an baje shi a A4 sai ya dushe, kuma rabin bayanin yana can ƙasa bai shiga ba. Ƙari a kan haka, WhatsApp yana matse hoto yana rage masa kyau. Ku adana a PDF, ku turo ta wurin "Document", za ta iso yadda take. Ku sa mata suna mai ma'ana, ku kuma biyo da saƙon murya kuna faɗin shafi nawa ne, da launi ko babu. Da wannan, tsohon da zai je gari bugawa ya san abin da zai karɓa da abin da zai biya.

Sirrinka bayan an gama

Takardun nan suna ɗauke da suna, ranar haihuwa, lambar fasfo, wani lokaci har bayanin rashin lafiya. In ka shiga akwatin saƙonka ko WhatsApp a kwamfutar shago, ka tabbatar ka fita kafin ka tashi. A share takardar daga wurin "Téléchargements", a kuma zubar da kwandon shara na kwamfutar, wato "Corbeille". In ta wayar mai shago aka tura, a roƙe shi ya share a gabanka. Fallayen da suka lalace ma ka karɓe su ka tafi da su. Kowa ya san inda tsofaffin takardu ke ƙarewa, wajen mai ƙosai da mai tsire, kuma ba wanda ke son a ƙunshe wa wani nama da hoton fasfonsa.

Ga wanda bai iya karatun boko ba

Da yawa cikin masu saurarenmu ba su za su taɓa kwamfutar ba, yaron shago ne zai yi. Wannan ba ya hana ka kare kuɗinka. Tambaya huɗu sun isa. Ka ce masa: "Ɗana, kafin ka buga, falle nawa ne?" Sannan: "Juyo mini allon in gani, sunana da lambar duk sun fito?" Sannan: "A kan A4 take?" Na ƙarshe: "Baƙi da fari ne ko mai launi, kuma nawa ke nan duka?" Hajiya ko inna da ta je buga takardar ɗiyarta ita ma haka za ta yi, babu abin kunya a ciki. In takarda ta fito, a ɗora ta kusa da wayar a gwada, sama da sama, ƙasa da ƙasa, tun ba a bar shagon ba.

Ku kuma masu sibar da shagunan fotokofi, mun san layi kan yi tsawo, musamman lokacin rijistar makarantu da na aikin Hajji, ga kuma wuta da ba ta da tabbas. Amma duba hoton bugu ba ya cin minti ɗaya. Ram ɗin takarda falle 500 ne, kowane falle da ya lalace daga aljihun wani ya fita, naku ko na mai aiki. Baba da ya zo daga nesa, in kun sallame shi da takarda mai kyau a zuwa ɗaya, shi ne zai turo muku mutanen garinsu.

Wanda ya karanta wannan bayani ya taimaka ya isar da shi ga na kusa da shi, musamman iyayenmu da ke ƙauye. Masu tambaya kuma ƙofa a buɗe take, ku aiko ta hanyoyin da kuka saba, za mu amsa a shiri na gaba in Allah ya kai mu.